Tsagar Kaya da Sunan Gari: Abin da Na'urar Rarraba Saƙo Ke Jira Daga Manazarta Hausa

A damunar da ta wuce na ɗaure kwali guda na littattafai a Zariya, da niyyar aika shi ga wani tsohon ɗalibina da ke koyar da Hausa a Gurbin Bore, cikin Ƙaramar Hukumar Zurmi. Na kai shi ofishin wani kamfanin jigilar saƙonni, irin waɗanda ke ba mutum lamba ya riƙa bin sawun kayansa a waya. Yarinyar da ke gaban kwamfuta ta tambayi jiha, na ce Zamfara. Ta tambayi gari, na faɗa mata. Ta buga kalmar farko, sai jerin da ke cikin na'urarta ya fito da suna ɗaya tak, wato Gurbin Baure, a Jihar Katsina. Ta ce, "Baba, ai shi ne, rubutun ne ya bambanta." Na ce mata garuruwa biyu ne, ɗaya na ƙasar Jibiya, ɗaya na ƙasar Zurmi, ko da yake hanya ɗaya ta ratsa su. Ta sake dubawa cikin ladabi, sannan ta ce garin da babu shi a kwamfuta ba su kai masa kaya. Na ɗauki kwalina na nufi tasha. Wani direban Ƙaura ya rubuta sunan ɗalibin da lambar wayarsa a jikin kwalin da maka, ya karɓi kuɗinsa, bayan kwana uku aka kira ni aka ce saƙo ya iso.

Ban ga laifin yarinyar ba, domin abin da aka ɗora mata a gaba shi ta karanta. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne jerin sunayen nan. Wani ne ya zauna ya tsara shi, ya zaɓi garuruwan da za su shiga da yadda za a rubuta su, kuma ina da yaƙinin babu manazarcin Hausa ko ɗaya a wurin sa'ad da ake yin haka. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, tsara irin wannan jeri aikinmu ne, mun kuwa yi sakaci da shi, kuma lokacin gyara yana ƙurewa.

Ya kamata mu fara fahimtar abin da ke faruwa da kwali bayan ya bar hannun mai karɓa. A manyan cibiyoyin rarraba kaya na duniya, ana ɗora ƙunshi a kan wani bel mai gudana da kansa. Da farko na'ura kan jera kayan ɗaya bayan ɗaya, ta bar tazara tsakaninsu, ta auna nauyin kowanne da girmansa yana cikin tafiya. Daga nan ya bi ta wani rami mai kyamarori ta sama da ƙasa da gefe, waɗanda ke neman 'yar takardar nan mai baƙaƙen layuka da aka manna masa. Da zarar an karanta layukan, kwamfuta ta nemi lambar a rumbun bayanai, ta ga inda kayan za su, ta ƙidaya daƙiƙar da za su iso bakin ƙofar da ta dace, sai wani faranti ya karkata ko wani ƙaramin bel ya juya, ya zubar da su cikin kwaroron motar ko jirgin da zai tafi can. Wanda aka kasa karanta takardarsa, ko aka karanta ba a sami makomarsa ba, akan tura shi wani layi na daban, ya jira ɗan Adam ya duba. Abin da muke kira bin sawu kuwa ba wani ido ba ne da ke biye da kwalin a kan hanya. Duk inda aka karanta layukan nan, na'ura kan rubuta wuri da lokaci, kuma wannan rubutu na ƙarshe shi mai kaya ke gani a wayarsa.

Tsarin bai tsufa ba. A 1952 Norman Woodland da Bernard Silver suka sami shaidar mallakar wannan fasaha ta layuka a Amurka, sai ranar 26 ga Yuni, 1974 aka fara sayar da kaya da ita, fakitin cingam ne a wani kanti a garin Troy na Jihar Ohayo. Kamfanin FedEx ya fara aiki a Afrilun 1973 da ƙunshi 186 a daren farko, bisa dabarar tara komai a cibiya ɗaya a Memfis, a rarraba cikin dare, a sake watsawa kafin gari ya waye. Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, wadda aka kafa a 1874, tana da nata ƙa'idar: lamba mai gurbi 13, haruffa biyu a farko, alƙaluma tara a tsakiya, sai haruffa biyu na ƙasar da kayan suka fito, NG ke nan ga Nijeriya. Duk alhajin da ya taɓa tsayawa a filin jirgin Malam Aminu Kano yana jiran jakarsa ta zagayo a kan bel, ya ga wutsiyar wannan tsari da idonsa.

Ga abin da ya shafe mu. Na'urar ba ta san Hausa ba, ba ta kuma san Turanci ba. Lamba take karantawa. Sunan gari sau biyu kaɗai yake aiki a tafiyar ƙunshi: sa'ad da mai aikawa ya faɗe shi aka neme shi a jeri, da sa'ad da mai kaiwa ya sauka daga babur yana tambayar hanya. Idan an yi kuskure a ƙofar farko, bel ɗin ba zai gyara ba. Zai kai kuskuren inda aka ce, cikin sauri, ya kuma rubuta cewa an kai lafiya.

Tun da na fara tunanin wannan batu nake neman sunan da ya dace da layukan nan a Hausa, ban sami wanda ya fi tsaga ba. Bahaushe ya daɗe da sanin cewa 'yan layuka da wanzami ya ja a fuska suna iya faɗin asalin mutum ba tare da ya buɗe baki ba, har a gane Bagobiri daga Bazamfare, a mayar da yaron da ya ɓata ga danginsa. Yawan layukan da tsayinsu da wurin da suka zauna su ne saƙon. To haka layukan jikin kwali suke, faɗinsu da tazararsu su ne lambar. Saboda haka nake ba da shawarar a ce musu tsagar kaya, kuma da wannan suna zan ci gaba. Sai dai kowa ya san tsaga ba ta da amfani a garin da babu wanda ya san ta wane gida ce. Ilimin da ke cikin kan dattijon da ke duban fuska ya ce wannan ɗan gidan wane ne, shi ne rumbun bayanai. Namu rumbun, na sunayen garuruwan ƙasar Hausa, a hargitse yake.

Mu ɗauki babban garin yankin da nake magana a kai. A takardun hukuma Kaura Namoda ake rubutawa. A kafafen yaɗa labarai na Hausa za a ga Ƙauran Namoda, a ga Kauran Namoda, wani lokaci a ga Ƙaura Namoda. Ɗalibin aji ɗaya a jami'a ya san kaura ba tare da lanƙwasa ba nau'in dawa ce, ƙaura kuwa tashi ce daga wani wuri zuwa wani, sannan ga Ƙaura na sarauta. Har ila yau akwai batun mahaɗi. Ƙaura ta tashi kalma ce ta mace, don haka a daidaitacciyar Hausa ƙaurar Namoda za a ce. Amma a karin harshen yamma mahaɗin mace yakan narke cikin baƙin da ke biye da shi, shi ya sa Basakkwace ke cewa rigam Musa da rigat Tanko. Ta wannan hanya ƙaurar Namoda za ta fito ƙauran Namoda a bakin mutanen wurin, har mai sauraro daga Kano ya zaci mahaɗin namiji ne. Wannan tattaunawa ce mai daɗi a ɗakin taron ƙara wa juna sani. Ga kwamfuta kuwa, waɗannan sunaye huɗu wurare huɗu ne, sai fa in wani ya gaya mata ɗaya ne. Kuma akwai wata Ƙaramar Hukumar Kaura a kudancin Jihar Kaduna, mai nisan ɗaruruwan kilomita, tana jiran duk kwalin da aka gajarta sunan garinsa.

Haka abin yake ko'ina aka juya. Talata Mafara a takarda, Talatar Mafara a ƙa'ida, Talatam Mafara a baki. Tsafe tana nan a tsofaffin taswirori da sunan Chafe, kuma wannan rubutu bai mutu ba. Sakkwato da Sokoto, Maraɗi da Maradi, Tawa da Tahoua, Damagaram da Zinder. Tudun Wada kuwa akwai ta a Gusau da Zariya da Kaduna, ga kuma ƙaramar hukuma sukutum mai wannan suna a Jihar Kano. Sabon Gari da Nasarawa da Unguwar Rimi ba su ƙirguwa. Bahaushe bai taɓa ruɗewa da wannan ba, domin shi ba ya faɗin sunan gari tsirara, sai ya jingina shi ga hakimi ko kasuwa ko gulbi ko wani sanannen mutum. Jerin kwamfuta ya ɗauki sunan, ya bar jinginar.

Batun lanƙwasa yana da nasa tarihin. Tun shekarun 1930 aka karɓi ɓ da ɗ da ƙ a rubutun boko, a zamanin Rupert East da Hukumar Talifi ta Zariya, aka yi taron Bamako a 1966 da na Yamai a 1980 don daidaita ƙa'idoji. Amma tsarin haruffan kwamfuta na ASCII da Amurkawa suka fitar a 1963 gurbi 128 ne da shi, babu namu ko ɗaya a ciki, kuma a kansa aka gina yawancin tsagar kaya ta layuka. Tsarin Unicode da ya zo a 1991 ya ba haruffanmu gurbi, tsagar nan mai kusurwa huɗu ta QR, wadda kamfanin Denso Wave ya ƙirƙiro a Japan a 1994, tana iya ɗaukar su. Ke nan yanzu uzurin fasaha ya kau. Abin da ya rage shi ne, mai tsara jeri bai san lanƙwasa na canza ma'ana ba, mu da muka sani ba mu je mun gaya masa ba. Ina iya ƙarawa da cewa da yawa daga cikinmu, har da masu manyan digirori, ba mu sa ta a saƙonninmu na waya.

Kada a ɗauka yankin Ƙaura baƙo ne ga tsarin rarraba kaya. Layin dogo da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, garin ya zama matattarar gyaɗa da auduga da fatu na arewacin Zamfara. Buhu ba ya hawa tarago sai da shaidar mai shi a jiki da takardar da ke faɗin inda za shi. Kafin jirgin ƙasa ma, fatake suna da madugu da jagaba da uban dawaki, kowane da aikinsa a ayari, a zango kuma ga fatoma mai saukar da baƙi da adana kayansu. Abner Cohen ya nuna a littafinsa na 1969 kan Hausawan Sabo ta Ibadan yadda goro da shanu ke ratsa ɗaruruwan mil bisa amana da sanayya, ba tare da banki ko kotu ba. Abin da na tarar a tasha ran nan jikan wannan tsari ne. Ɗan kamasho ya san wace mota ke zuwa Zurmi, direban Zurmi ya san mai shagon da ke bakin hanya a Gurbin Bore, mai shagon ya san malamin makaranta. Kowane hannu tsaga ce da ake karantawa, kowane kiran waya kuma bin sawu ne. A kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis, dubban buhuna da dabbobi ke rarrabuwa zuwa Legas da Fatakwal da ƙetaren iyaka ta wannan hanya.

Ba zan yi wa wannan tsari kirarin da bai cancanta ba. Kaya na ɓata a tasha, kuma in sun ɓata babu takardar da za a kai gaban alƙali. Wanda ba shi da sanayya ba shi da hanya. Baƙuwar malamar asibiti da aka turo daga wata jiha ba ta san wane direba za ta amince wa ba. Tsarin ya kuma rataya ga waya fiye da yadda muke zato. A farkon Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a faɗin Jihar Zamfara aka kuma dakatar da kasuwannin mako saboda matsalar 'yan bindiga, lambar da ake rubutawa da maka a jikin buhu ta zama ado na tsawon makonni, a wasu wuraren watanni. Bin sawu na zamani ma da ya tsaya cik a wannan hali. Na kawo wannan ne don a ga cewa tsohuwar hanya ba mafaka ba ce da za mu koma mu ce ba ruwanmu da na'ura.

Akwai masu cewa duk wannan damuwa ta malaman harshe ce kawai, domin lamba za ta maye gurbin suna. Nijeriya na da lambar gidan waya mai alƙaluma shida, Kano 700001, Abuja 900001, kuma akwai tsare-tsaren da ke yanka doron ƙasa ƙananan murabba'ai, kowane da lambarsa, ta yadda ko bukka a tsakiyar daji tana da adireshi. Hujjar tana da ƙarfi, ban raina ta ba. Amma a tambayi mutum goma a tashar Ƙaura lambar gidan wayar garinsu a ji amsa. Tsohuwar da ke son aika wa ɗanta daddawa da kuka suna za ta faɗa, ɗan acaɓan da zai kai ƙarshen tafiya suna zai tambaya. Dole wani ya ƙulla sunan da lambar, kuma a wannan ƙulli ne kuskure ke shiga. Filin jirgin saman Denba a Amurka ya isa misali ga mai ganin na'ura na gyara komai da kanta: tsarin rarraba jakunkuna da aka gina masa ya jinkirta buɗe filin wata 16, har zuwa Fabrairun 1995, daga bisani aka yi watsi da shi a 2005. Can ma akwai kuɗi da injiniyoyi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ya wuce kwalin littattafai. Ƙasar Zurmi da Shinkafi na cikin wuraren da rashin tsaro ya fi ɗaiɗaitawa. Ƙauyuka sun tashi, mutanensu na zaune a garuruwan da ba nasu ba. Kamfanin da ke tsara jerin wuraren da yake kai kaya zai duba inda motarsa ke iya zuwa yau, ya rubuta su, ya bar sauran. Wani kamfanin ya kwafa daga gare shi, hukumar raba magani ko taki ko kayan agaji ta kwafa daga na biyun. Bayan shekara goma, ƙauyen da aka tsallake saboda hanyarsa ba ta biyuwa zai zama ƙauyen da babu shi, ko da mutanensa sun koma sun yi shuka. Sunan da ke ɗauke da tarihin wanda ya sari wurin, da itacen da aka tarar, da rijiyar da aka haƙa, zai rage a bakin tsofaffi kaɗai. Mun yi rubuce-rubuce masu yawa kan hikimar sunayen garuruwa a kundayen digiri, suna nan jibge a ɗakunan karatu na sassanmu, babu wanda ya mayar da su abin da kwamfuta za ta iya karantawa.

Shawarata ita ce a yi kundin sunayen wurare na ƙasar Hausa, wanda kowa zai iya saukewa kyauta. Kowane wuri a ba shi suna ɗaya na ƙa'ida da cikakkiyar lanƙwasa, a biyo da duk sauran rubuce-rubucen da aka san shi da su, na hukuma da na Turawa da na Faransanci da na ajami, a nuna karin sauti da tsawon wasali, a ɗauki muryar ɗan garin yana faɗin sunan, a rubuta gunduma da masarauta da ƙaramar hukuma da mazauninsa a taswira. Ba daga sifili za a fara ba. Hukumar zaɓe na da jerin mazaɓu da rumfuna, hukumar ƙidaya na da nata, aikin rigakafin shan-inna ya sa an zana taswirar dubban ƙauyuka da rugage a Arewa. Abin da waɗannan suka rasa shi ne kunnen masanin harshe. Cibiyar da ta fitar da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero a 2006 ta san yadda ake irin wannan dogon aiki, kuma keɓaɓɓun kalmomin da aka tattara ƙarƙashin jagorancin Farfesa Ɗalhatu Muhammad a 1990 sun nuna jami'o'inmu na iya haɗa kai su tsayar da magana ɗaya. Zamfara na da ƙananan hukumomi 14 kacal. Jami'ar Tarayya ta Gusau da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, tare da masu ilimin kwamfuta da safiyo na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, sun isa su gama jiha ɗaya a matsayin gwaji, in an ba kowane ɗalibin ajin ƙarshe gundumarsa ta haihuwa a maimakon a sake rubuta kundi na ɗari kan jigo da salo.

Na san inda gardama za ta tashi, gara in faɗe ta tun yanzu. Wane suna ne zai zama na ƙa'ida, na daidaitacciyar Hausa ko na bakin masu gari? Ni ina bayan masu gari. Sunan wuri ba kalmar ƙamus ba ce da za a yi mata hukuncin nahawun Kano. Mallakar mazaunansa ne, kuma su ɗan acaɓa zai tambaya. In mutanen wuri sun ce Ƙauran Namoda, a rubuta haka, a ajiye sauran a matsayin hanyoyin da za su kai mai nema ga wannan. Wasu abokan aikina za su ce wannan zai buɗe ƙofar rikici a ƙa'idojin rubutu, kuma akwai garuruwan da su kansu mazaunan ba su yi ittifaƙi ba, musamman inda sarauta ta shiga cikin maganar. Waɗannan sai an zauna da hakimai da dagatai da limamai, ɗaya bayan ɗaya, kuma wasu wuraren ba za a iya zuwa ba a halin da ake ciki sai dai a nemi mutanensu a inda suka yi gudun hijira.

Da na tambayi ɗalibin nawa yadda su da kansu suke rubuta sunan garinsu, ya ce a allon makaranta daban, a takardar asibiti daban, a katin zaɓensa kuma daban. Na ce ya je wurin dattawan garin da wayarsa, ya ɗauko mini muryar mutum uku suna faɗin sunan da abin da suka ji game da asalinsa, ya haɗa da sunayen ƙauyukan da ke cin kasuwarsu, har da waɗanda suka tashi. Ya ce zai fara bayan an cire amfanin gona, in hanya ta yi kyau.